Yanar ido da tabarau mai kauri: amsoshin wasiƙunku

Wani malamin makaranta daga Misau, mai shekara 48, ya rubuto: "Tun ina firamare nake sa tabarau mai kauri, ƙarfinsa -11. Yanzu yanar ido ta fito min a idon dama, likita ya ce sai an yi aiki. Wani ya ce min masu irin idona tantanin ido kan ɓalle musu bayan aiki. Barci ya ƙaurace min."

Malam, Allah ya ba ka lafiya, ka kwantar da hankalinka. Maganar tana da tushe, amma ba dalilin fasa aiki ba ce. Tsawon ido daga gaba zuwa baya yawanci milimita 23 zuwa 24 ne. Wanda tabaraunsa ya kai -6 ko ya wuce, idonsa ya yi tsawo, sau da yawa 26 ko fiye. Tantanin gani da ke shimfiɗe a bangon baya, wanda likitoci ke kira ratina, miƙewa yake yi kamar fatar ganga, har gefe-gefensa su yi shara-shara. A cikin ido kuma akwai ruwa mai yauƙi kamar farin ƙwai, manne da tantanin. Idan aka cire yana, ruwan nan kan janye da wuri. In ya fizgi wurin da ya yi shara-shara sai ya yage, ruwa ya bi ta yagewar ya ɗaga tantanin, kamar yadda damina ke ɗaga yaɓen bango.

A cikin waɗanda aka yi wa aikin yana, kusan ɗaya cikin 100 ne abin ke samu. Mai dogon ido haɗarinsa ya ninka haka, musamman namiji da bai kai 60 ba, wato kai ke nan. Duk da haka mafi yawan masu irin idonka lafiya lau suke ƙarewa, kuma ko ba a taɓa idon ba haɗarin na nan tun asali.

Kafin aiki ka nemi a ɗiga maka maganin buɗe ƙwayar ido, a duba tantanin har gefe, a ido biyun. In an ga yagewa, da hasken leza ake ɗinke kewayenta tukuna. Ka kuma tabbata an auna tsawon idonka da na'ura kafin a zaɓi ƙarfin gilashin da za a dasa a cikin idon bayan an cire yanar. Ido irin na kowa wajen +21 yake ɗauka, naka ƙasa da haka sosai yake buƙata. Aikin ido kyauta da ake kawowa garuruwanmu alheri ne, amma idonka ba na bin dogon layi ba ne. Ka nufi inda za a zauna da kai, kamar Asibitin Koyarwa na ATBU a Bauchi ko na Tarayya da ke Gombe. Ka tambayi likita yadda za a yi da idon hagu ma, don in dama ya gyaru hagu na -11, tabarau ɗaya ba zai haɗa su ba.

Bayan aiki, ko da shekaru sun wuce, ka riƙe alamu uku: walƙiya a gefen ido, baƙaƙen ɗigo kamar ƙudaje da suka taso farat ɗaya, da duhu mai sauka kamar labule. Ba ya ciwo, ido ba ya ja, shi ya sa mutane ke sakaci. Ranar da ka ga ɗaya, ranar za ka je asibiti.

Wata baiwar Allah daga Kumo ta ce an tallata wa mahaifiyarta maganin ɗigawa mai narkar da yana, kwalba uku aka ce a saya.

'Yar'uwa, kada ki sayi ko ɗaya. Babu maganin ɗigawa, na bature ko na gargajiya, da ke narkar da yana. Abin nan yana ci min rai. Mutum zai ce ba shi da kuɗin motar zuwa asibiti, amma duk ranar kasuwa sai ya miƙa wa mai lasifika kuɗi, kwalba ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa, an shanya ta a rana tun safe. Wasu na kemis ma masu sinadarin sitiroyid ne: jan ido ya wuce, a ce magani ya karɓa, alhali yana iya jawo hawan jinin ido, ya kuma ƙara yanar. Mafi muni su ne masu zagaya ƙauyuka suna tura yanar cikin ido da tsinke. Tsohuwa ta ga haske kwana biyu a yi ta murna, daga baya kumburi da ƙwayoyin cuta su cinye idon, likita ma ya rasa abin gyarawa. Ki haɗa kuɗin kwalba ukun ki kai Hajiya a duba ta.

Mai tambaya daga Azare: an yi maka aikin tantani an sa iskar gas a cikin idon, za ka iya tafiya Umara? A'a, Alhaji. Gas ɗin kumbura yake yi a jirgi. Sai likita ya tabbatar ya ƙare, kuma yakan ɗauki makonni.

Wani daga Bajoga ya ce kwana biyar ke nan duhu ya rufe masa ƙasan abin da yake kallo, ko ya jira albashi?

Haba Malam! Wasiƙa ka tsaya rubutawa? Mai yiwuwa tantanin idonka ne ke ɗagowa, kuma muddin ɗagowar ba ta kai tsakiyar tantani ba, ana sa ran ceto ganinka. In ta kai, ko an gyara da wuya ya dawo yadda yake. Ci bashi ka shiga motar Gombe yau. Ba kowane asibiti ke wannan aikin ba, saboda haka ka ɗauki guzuri da ɗan rakiya, mai yiwuwa a tura ka Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.