Juma'a da Gona

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai me ya sa mutanen ƙauyenmu ba sa zuwa gona ran Juma'a, addini ne ko lalaci ne aka naɗa wa rawani? Na yi dariya. Amma da mahaifiyarka ta ce min tun bayan ƙaramar sallah ba ka ajiye Keke Napep ɗin nan ko na yini guda ba, sai dariyar ta koma ciki.

Addini dai bai hana ba. Suratul Jumu'a cewa ta yi a bar ciniki in an kira sallah, in an idar a watsu a nemi falalar Allah.

Lokacin da muke gandu, da an fito asuba kakanka zai sa mu gaba, ba mu dawowa sai azahar. Yamma kowa ya nufi gayaunarsa, wato 'yar gonarsa ta kansa. Juma'a kuwa ta wanki ce da aski, a kai fartanya maƙera, a je gaida dangi.

Akwai wata gayya da aka yi a gonar surukin wani yayanmu, lokacin maimai. Gero ya kai gwiwa, makaɗan noma suna bin mu a baya, suna kiran kowa da kirarinsa. Da rana ta take, 'yan mata suka iso da ƙwaryar fura, Sarkin Noma ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya. Kowa ya nufi gindin tsamiya, don gawo ba ya inuwa da damina. Wani saurayi ya ƙi tsayawa, saboda budurwarsa na cikin masu furar. Shi kaɗai a tsakiyar gona, gumi na ɗiga ta haɓarsa. Sarkin Noma bai daka masa tsawa ba. Tashi ya yi ya bi kunyar da yaron ya nome, yana tsintar geron da ya sare tare da ciyawa, ya tara a hannu, ya zo ya ajiye a gabansa. Ya ce, "Hannu in ya gaji, ba ya tantance gero da ciyawa." Yaron ya zauna, aka miƙa masa ludayi.

Kakanka kan ce ko gona ana barin ta saura, ta shekara biyu ko uku ba a taɓa ta ba. Yau ina filin? An rarraba gado, sai takin zamani ake ɗura mata.

Ku kuma in kun ce kun huta, waya na hannu har tsakar dare, hutun jaki da kaya a ka. Rayukan mutane kake ɗauka a titin Kano, kuma ido mai barci ba ya ganin yaron da zai tsallaka.

Faɗa min nawa ne balas ɗin da kake kai wa mai keken kullum. Ni zan yi masa magana da kaina a kan Juma'ar.