Steam ko Microsoft Store: a ina zan sayi Microsoft Flight Simulator?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, kuma tun ina ƙarami nake kallon ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama suna shawagi a saman garinmu. Na daɗe ina tara kuɗi don in sayi Microsoft Flight Simulator, wasan kwamfuta na kwaikwayon tuƙin jirgin sama. Yanzu da kuɗin suka kusa cika, sai na tarar ana sayar da shi a wuri biyu, Steam da Microsoft Store, farashi kusan ɗaya. Wani abokina ya ce na Microsoft ya fi tunda wasansu ne, wani kuma ya ce kada in kuskura. Kwamfutata tana da RAM 16 GB da katin hoto GTX 1660, ba ni da Xbox, kuma da MiFi nake hawa intanet. Wanne zan saya?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya cika maka burinka. Da irin kayan da ka lissafa, kuma kana zaune a Najeriya, Steam nake ba ka shawara. Amma ka tsaya ka ji dalili, domin akwai wanda zan ce wa ya tafi Microsoft kai tsaye. Sannan akwai abu guda a cikin tambayarka da ya fi zaɓen shagon nauyi, wato MiFi ɗin nan, za mu zo kansa.

Mu fara da maganar abokinka na farko. Wasan da ke Steam da wanda ke Microsoft Store ɗan Juma ne da ɗan Jummai. Kamfanin Asobo Studio na birnin Bordo a Faransa ne ya gina shi, Microsoft ta fitar da shi, kuma abu ɗaya ake turo wa kowa: jiragen, taswirar, yanayin sama, da gyare-gyaren da ke zuwa daga baya. Wanda ya saya a Steam yana tashi tare da wanda ya saya a Microsoft, suna ganin juna a sama, saboda duka biyun da asusun Microsoft ake shiga. Ko a Steam ka saya sai ka buɗe wannan asusu, kuma kyauta ne. Hoto bai fi kyau a wani ba, gudu bai fi sauri a wani ba.

Bambancin yana cikin abin da zai biyo bayan sayen, kuma nan ne nake so ka natsu sosai. A cikin wasan akwai kasuwa da ake kira Marketplace, inda ake sayar da ƙarin jirage da filayen jirgi da sauransu. Duk abin da ka saya a can yana manne da shagon da ka sayi wasan. Idan yau kana Microsoft Store, ka sayi jirgi biyu da fili uku, bayan shekara ka ga dama ka koma Steam, ba ko ɗaya da zai bi ka. Sai ka sake biyan kuɗin wasan, ka sake biyan kuɗin jiragen. Littafin da ke ƙirga awannin tashinka da saitin sandar tuƙinka su ma ba sa ƙaura da kansu. Wasan ya fito sau biyu a 'yan shekarun nan, na 2020 da na 2024. Lokacin da sabon ya fito ranar 19 ga Nuwamba 2024, an bar mutane su tsallako da yawancin kayan da suka saya a na 2020, amma da sharaɗin su zauna a shago ɗaya: mai Steam ya sayi sabon a Steam, mai Microsoft ya saya a Microsoft. Saboda haka zaɓen da za ka yi yau zai bi ka shekaru. Abin da ya kamata ka tambayi kanka shi ne, wanne shago ne zan iya ci gaba da biyan kuɗi a cikinsa ba tare da wahala ba daga nan inda nake zaune?

Microsoft Store yana da fa'idodi biyu na gaske. Na farko shi ne tsarin Xbox Play Anywhere: ka saya sau ɗaya, ka buga a kwamfuta, ka buga a Xbox Series X ko S. Wanda yake da Xbox a falo da kwamfuta a ɗaki, ba na ma bari ya gama tambaya, Microsoft zai je, domin sayen Steam ba ya buɗe komai a Xbox. Na biyu shi ne Game Pass, wanda ake biya wata-wata a buga matakin Standard na wasan, wato mafi arha, ba tare da an saya ba, hanya mai kyau ta gwaji. To kai ba ka da Xbox, fa'ida ta farko ta wuce ka. Ta biyu kuma tana da ƙulli. A 2023 Microsoft ta faɗaɗa Game Pass na kwamfuta zuwa ƙarin ƙasashe 40, ciki har da Masar da Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya, amma Najeriya da Nijar ba sa cikin wannan jerin. Mutanenmu kan zagaye ta hanyar sauya ƙasar asusunsu zuwa Amurka ko Ingila. Ban yarda ka ɗora kuɗin da ka sha wahalar tarawa a kan asusun da adireshinsa ba naka ba ne. Ranar da katinka ya ƙi shiga, ko aka nemi ka tabbatar da bayananka, ba ka da bakin magana.

Steam kuwa yana karɓar ɗan Najeriya a matsayinsa na ɗan Najeriya. Farashin da dala yake, kuma akwai jaka ta Steam Wallet da za ka riƙa zuba kuɗi kaɗan-kaɗan har su cika. Da ita ake biyan kayan Marketplace ma. Ka san halin da katin naira ya shiga: daga wajen 2022 bankuna da yawa suka rage ko suka dakatar da sayayyar waje da shi, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da ita da iyaka. Ka tambayi bankinka iyakarka kafin ranar saye. Kuma idan za ka iya haƙuri, Steam yana yin babban rangwame a ƙarshen Yuni da kuma ƙarshen Disamba.

Sai batun mayar da kuɗi, wanda ga ɗalibi ba ƙaramin abu ba ne. Ƙa'idar Steam a rubuce take: cikin kwana 14 da saye, matuƙar ba ka buga fiye da awa 2 ba, za a mayar maka. Microsoft ma tana karɓar buƙatar mayarwa, sai dai tana duba kowace ɗaya ne ta yanke hukunci. Akwai tarko a nan da ya tayar da ƙura a Agusta 2020. Abin da Steam ke saukewa ɗan ƙarami ne, sauran kayan a cikin wasan ake saukewa, agogon Steam kuwa yana ta ƙirgawa kamar kana bugawa. Mutane suka yi ta kuka, har kamfanin Valve, mai Steam, ya bayyana cewa lokacin saukewa ba zai hana mayar da kuɗi ba. Idan abin ya kai ga haka, ka rubuta musu dalla-dalla cewa awannin nan na saukewa ne.

Abokinka na biyu da ya ce kada ka kuskura, mai yiwuwa labarin shekarun farko yake tunawa. A lokacin, Windows kan kulle wasannin Microsoft Store a cikin wata folda mai suna WindowsApps da ko leƙawa ba ka iya yi, kuma wasan ya dogara da wata ƙaramar manhaja, Gaming Services, wadda idan ta rikice wasan ba ya buɗewa. An sassauta abubuwa da yawa tun daga 2022, yanzu ana iya zaɓar inda za a girka. Duk da haka Steam ya fi sauƙin gyara idan abu ya lalace. Shi ma yana da nasa aibu. A wasan 2020, danna maɓallin duba lafiyar fayiloli a Steam ya sha share wa mutane kayan da suka sauke, suka koma farko. Sannan tsarin Steam Input, mai sarrafa kayan buga wasa, kan shiga tsakaninka da sandar tuƙi. Ka kashe shi ga wannan wasan.

Ƙarin kayan da ake samu a waje da Marketplace ba ruwansu da shago. Jirgin A32NX na FlyByWire kyauta ne, shafin flightsim.to cike yake da kayan kyauta, kuma duk a folda mai suna Community ake zuba su. Wannan ma dabara ce: duk abin da za ka iya saye kai tsaye daga wurin masu ƙera shi, ka saya a can, domin zai bi ka ko'ina.

Yanzu MiFi. Wasanni biyu ne a kasuwa masu suna kusan ɗaya, kuma a wurinka bambancinsu ya fi na shagunan nesa ba kusa ba. Na 2024, wanda matakinsa na Standard ya fito a kan dala 69.99, an gina shi ne a kan janyo kaya daga intanet kana cikin tashi: ƙasa, gine-gine, har jirgin da kake ciki. Microsoft da kanta ta ce mafi ƙarancin saurin intanet shi ne megabit 10 a daƙiƙa, wanda ta fi so 50, kuma 16 GB na RAM da kake da shi shi ne ƙasan ma'auni. A ranar da ya fito, masu intanet mai ƙarfi a Turai da Amurka ma sun yi ta jira saboda cunkoso a sabar. Da MiFi da datar da ake saye da awo, wannan wasan zai cinye maka kuɗi kowane mako, kuma duk lokacin da sabis ya yi rauni za ka ga ƙasa ta koma dishi-dishi.

Na 2020, wanda ya fito ranar 18 ga Agusta na shekarar a kan dala 59.99, wahalarsa a farko take. Yana neman wajen 150 GB na wuri a kwamfuta, kuma saukewar tana da nauyi ƙwarai, shi ya sa a Turai har a faifan DVD 10 aka sayar da shi. Amma idan ya sauka, ya zauna. A saitinsa akwai sashen Data inda za ka sa iyakar abin da zai ci, ka kunna Rolling Cache domin ya ajiye wuraren da ka saba bi, ko ka kashe hotunan intanet gaba ɗaya ka tashi da abin da ke cikin kwamfuta. Ka kashe Photogrammetry ma, wato siffar gine-gine da aka ɗauko daga hotunan gaske, domin wannan na zaɓaɓɓun birane ne, yawanci a Amurka da Turai da Japan. Kano da Zariya da Yamai daga hotunan tauraron ɗan Adam na Bing aka zana su, na'ura ta ɗora gine-gine a kai, don haka ba abin da za ka rasa. Katinka na GTX 1660 zai ɗauke shi a matsakaicin saiti lafiya lau. Ni na 2020 nake ba ka shawara, a Steam, kuma ranar da intanet ɗinka ya ƙarfafa ka haura zuwa na 2024 a shagon da kake.

Kada ka wahalar da kanka da matakai masu tsada, Deluxe ko Premium Deluxe. Standard ya zo da jirage 20, ciki har da Cessna 152 da Cessna 172 da Diamond DA40, irin jirgin da kwalejin garinku, wadda aka kafa a 1964, take horar da ɗalibai da shi. Rarar kuɗin ka sayi sandar tuƙi, ita ce za ta koya wa hannunka sauka.

Ina kuma gargaɗinka da masu tallar "asusun da ke da wasan a ciki" a farashin banza. Asusun nasu ne, da imel ɗinsu aka buɗe shi, kuma duk ranar da suka so za su karɓe. Idan kuɗin bai kai ba, akwai hanyoyi masu tsabta: X-Plane 12 yana da gwaji kyauta, FlightGear kyauta ne gaba ɗaya, tsohon Flight Simulator X kuma yana nan a Steam tun Disamba 2014 a farashi mai sauƙi.

Ranar girkawa, wasan zai tambaye ka inda zai zuba manyan fayilolinsa. Kada ka sa su a cikin foldar Steam. Ka buɗe sabuwar folda ta daban, a kan SSD idan kana da shi, ka nuna masa ita. Ka nemi wurin da ake da intanet marar iyaka da wuta tsayayya ka yi saukewar a can. Idan an ɗauke wuta a tsakiya, yana ci gaba daga kusa da inda ya tsaya. Da ya kammala, ka kwafe wannan folda zuwa faifan waje ka ajiye. Ko Windows ta lalace ka sake girka ta, nuna wa wasan foldar kawai za ka yi, ba sai ka sake sayen data mai yawa haka ba.