Edge ko Focus: wace Ford ce ta cancanci kuɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin sayen mota 'yar Kwatano, dillali ya nuna mini guda biyu: Ford Edge ta 2013 mai silinda shida, da Ford Focus ta 2014 mai giyar otomatik. Kuɗinsu bai kai na Toyota sa'arsu ba, wannan arahar ce ma ta sa nake ɗari-ɗari. Wasu abokaina na cewa motar Amurka ba ta jure wahala, wasu kuma na cewa kanikawanmu ne ba su iya ta ba. Don Allah a ba ni tarihin kamfanin, da abin da masu riƙe da irin waɗannan motoci suka gani. Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ka kyauta da ka yi tambaya tun kuɗinka na aljihu. Focus ɗin nan ka bar wa dillali abarsa. Edge kuwa ana iya saye, amma da sharuɗɗa. Sunan Ford shi kaɗai ba zai gaya maka komai ba, domin kamfanin ya ƙera injinan da suka tsufa a hannun 'yan tasi da 'yan sandan Amurka, ya kuma ƙera waɗanda suka kai shi gaban alƙali. Abin tambaya shi ne wane inji da wane giyabos ke cikin motar da ke gabanka.

Henry Ford ya kafa kamfanin ranar 16 ga Yuni, 1903, a Detroit ta jihar Michigan, da jarin dala 28,000. Motar da ta ɗaga shi ita ce Model T, wadda ta fito a 1908 a kan dala 850. An yi ta ne domin manomi mai bin hanyar burji: ga tsayi daga ƙasa, ga sauƙin gyara. A 1913 ya ɓullo da layin harhaɗawa mai tafiya a masana'antarsa ta Highland Park, inda mota ke zuwa wurin ma'aikaci yana tsaye. Aikin da ke cin fiye da awa 12 ya koma kusan awa ɗaya da rabi, farashi ya yi ta sauka har ƙasa da dala 300. A 1914 ya mayar da ladan ma'aikaci dala 5 a yini, kusan ninki biyu na abin da ake biya a da. Kafin a daina Model T a 1927 an ƙera sama da miliyan 15. Daga nan sai injin V8 mai araha a 1932, akori-kurar F-Series a 1948, Mustang a 1964, Explorer a 1990.

Explorer ɗin ce ta jawo wa kamfanin ɗaya daga cikin manyan masifunsa. Tayoyin Firestone da ke zuwa da ita suka riƙa saɓulewa ana cikin gudu, mota ta wuntsila, musamman a wurare masu zafi irin su kudancin Amurka, Saudiyya da Benezuwela. An janye taya miliyan 6.5 a watan Agustan 2000, a 2001 Ford ya sake canza miliyan 13. Mai tuƙi a zafin Afrilu na ƙasar Hausa ya kamata ya riƙe wannan: a gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta haura shekara 6 a sauke ta, ko da zanenta na nan.

Tarihin da ya shafi motocinka biyu ya fara ne a 2006, lokacin da aka ɗauko Alan Mulally daga kamfanin jiragen sama na Boeing. Ya jinginar da kusan duk kadarorin Ford, har da tambarinsa mai shuɗi, ya ranto sama da dala biliyan 23. Wannan kuɗin ne ya tsallakar da Ford a 2009, shekarar da General Motors da Chrysler suka durƙushe. An sayar da Jaguar da Land Rover ga Tata a 2008, Volvo ga Geely a 2010, aka maida hankali kan rage shan mai: ƙananan injina masu turbo da ake kira EcoBoost, da sabon giyabos mai suna PowerShift. Motocin wancan zamanin ne yau suka cika garejin dillalanmu, da alherinsu da matsalolinsu.

PowerShift ce ke cikin yawancin Focus masu otomatik na Amurka daga 2012 zuwa 2018, da Fiesta daga 2011. A cikinta giyar hannu ce, sai dai kwamfuta ke taka kuloci a madadinka. Kulocin biyu ne, busassu, ba sa cikin mai: ɗaya na giya 1, 3, 5, ɗayan na 2, 4, 6 da ribas. Abin da masu ita suka fi kuka da shi karkarwa ce wajen tashi daga tsaye, da jinkiri ko fizga tsakanin giya ta ɗaya da ta biyu. Dalilai uku ne. Robobin da ke tare mai a bakin giyabos suna yoyo su jiƙa kuloci, sai ya riƙa zamewa. Busasshen kuloci kuma ba ya son cunkoso, inda ake tsayawa ana matsawa kaɗan-kaɗan, domin zafi yake ɗauka. Sannan ƙaramar kwamfutar da ke manne da giyabos ɗin tana mutuwa, mota ta ƙi shiga giya ko ta ƙi tashi gaba ɗaya. Masu motocin sun yi ƙarar haɗin gwiwa a Amurka, kamfanin ya tsawaita garantin kwamfutar zuwa shekara 10 ko mil 150,000, a Ostareliya kuma kotu ta ci shi tarar dalar ƙasar miliyan 10 a 2018 kan yadda ya bi da koke-koken masu saye. Wancan garantin ba zai biyo ka Kano ba. In an canza kuloci, dole a jona na'ura a sake koya wa kwamfuta wurin kamawarsa, kuma ba kowane gareji ke da wannan ba. Mai bin Kantin Kwari ko Bata da yamma ba abin da zai haɗa shi da wannan giyar. Da za ka samu Focus mai giyar hannu, injinta na lita 2.0 lafiyayye ne, sai mu ce bismillah.

Edge ta 2013 a Oakville ta Kanada aka ƙera ta, shi ya sa lambar shasinta ke farawa da 2. Injinta na lita 3.5 mai ƙarfi ne, yana daɗewa, giyabos ɗinta mai giya shida irin otomatik ɗin da aka saba ne. Amma tana da lahani guda da kowane mai saye ya kamata ya sani. A yawancin motoci famfon ruwa a waje yake, bel ke juya shi, in ya lalace ka ga ruwa a ƙasa, a canza shi cikin awa ɗaya ko biyu. A wannan injin, da 'yan uwansa na Explorer daga 2011 zuwa 2019, da Taurus da Flex, famfon yana ciki, bayan murfin gaban inji, sarƙar taimin ce ke juya shi. In boris ɗinsa ya ci, ruwa na da hanya biyu. In an yi sa'a ya fito ta wani ɗan rami da aka bar masa a jikin inji, daidai bayan altaneto. In ba a yi sa'a ba ya gangara cikin baƙin mai. Mai da ya gauraya da ruwa ba ya kare ƙarfe, tafiya kaɗan inji ya buga. Galibi abin yana faruwa ne bayan mil 100,000. Ka lura, agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa, mil 100,000 kuwa kusan kilomita 161,000 ne.

Saboda haka ka je da sassafe, ka ce kada a tayar da motar kafin ka iso. Duba robar ruwan lagireto, ruwan ya kasance tsakanin layin MIN da MAX. Zaro sandar auna mai, ka goga a farin ƙyalle: mai lafiya ruwan zuma ne ko baƙi, in ka ga ya yi kalar shayi da madara, sallama kawai za ka yi. Buɗe murfin zuba mai ka duba ƙasansa ko akwai kumfa mai kauri. Sa bakanike ya kwanta da tocila ta gefen fasinja, ya haska tsakanin altaneto da kwamfuresar AC, ya nemi busasshen sawun ruwa mai ɓawo-ɓawo. In da hali a ɗaura famfon gwaji a robar ruwa, a hura zuwa kusan 15 psi, a jira minti 20. In allura ta sauka alhali ba a ga yoyo a waje ba, ruwan ciki yake tafiya.

Ko motar ta tsallake wannan, in ta haura mil 120,000 kuma ba shaidar an taɓa canza famfon, shawararmu ka sa a canza shi tun kafin ya zaɓar maka rana. Aiki ne na yini ɗaya ko biyu. Ana tallafe inji, a cire kujerarsa ta dama, a cire murafen sama da na gaba, a kulle kamshaf da ƙarfen da aka yi domin haka don kada taimin ya goce. Tunda an buɗe, a canza sarƙa, da robobin da take bi, da abin ɗaure ta, da robar bakin kiranshaf, duk a zama ɗaya. A sa famfon Motorcraft, wato kayan gyaran Ford na asali, ko na kamfanin da aka sani. Famfo ɗan gwanjo a nan asara ce, domin kuɗin aikin ya fi kuɗin famfon.

In a bayan motar an rubuta AWD, wato mai ja da taya huɗu, akwai wani ƙaramin akwatin giya da ke raba ƙarfi zuwa tayoyin baya, ana kiransa PTU. Mai kusan rabin lita kawai yake ɗauka, lamba 75W-140, kuma yana maƙwabtaka da salansa, sai zafi ya dafa man ya koma kamar kwalta. Alamarsa wari mai kama da na gas bayan doguwar tafiya, sai kuka, sai yoyo. Da yawa ba su da ramin zubarwa, ta ramin zubawa ake zuƙo tsohon man da siririn tiyo. Waɗanda suka daɗe da motar suna canza shi duk kilomita 50,000. Tayoyi huɗun kuma su zama girma ɗaya. In zirga-zirgarka ta cikin gari ce, nemi mai jan gaba kawai, ka huta da wannan gaba ɗaya.

Sauran ƙorafe-ƙorafen Edge masu sauƙi ne. Wani lokaci hoton sifana ya kama a dashbod, mota ta ƙi amsa totur: maƙogwaron iskar inji ne mai aiki da lantarki, na'ura kan nuna P2111 ko P2112, ana canza shi cikin awa guda. Wani lokaci ta riƙa cewa ƙofa a buɗe take alhali a rufe, fitilun ciki su kwana a kunne su shanye batir: ɗan makunni ne a cikin makullin ƙofar. In ka ji huci ƙarƙashin feda kuma birki ya yi tauri, tukunyar iskar birki ce ta tsage.

Maganar abokanka cewa kanikawa ne, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma al'ada ce ta fi yin ɓarna, ba rashin iyawa ba. Cire tamostat da jona fanka kai tsaye yana hana inji kai zafin da kwamfuta ke jira, sai ya yi ta shan mai. Ruwan rijiya ko na leda a lagireto yana kawo tsatsa, yana cin robar famfon nan da muka yi dogon bayani a kansa. Abin zubawa ruwan lagireto ne irin wanda littafin motar ya ambata, rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir. Baƙin mai 20W-50 ya yi wa wannan injin kauri, domin da matsin mai yake sarrafa taimin ta ƙananan ramuka. A murfin an rubuta 5W-20, yana ɗaukar tsakanin lita 5 da 6, matatarsa FL-500S. Da ƙurarmu da zafinmu, a yi juye duk kilomita 5,000 zuwa 6,000. Giyabos kuma Mercon LV yake sha, ba kowane jan mai ba. In an zubar ta ƙasa lita 4 zuwa 5 ke fita, a auna abin da ya fita a mayar da daidai shi, sannan a duba sanda bayan mota ta yi zafi.

In ka fasa duka biyun, tambayi dillali Fusion ko Escape mai injin lita 2.5 marar turbo. Shi ne ya fi kwantar wa masu shi da hankali a cikin injinan Ford na wancan zamani. Ka yi hattara da EcoBoost 1.5, da kuma 2.0 na Edge daga 2015 zuwa 2018 da na Escape da Fusion daga 2017 zuwa 2019. Akwai wata siririyar tsaga tsakanin silindoginsu da ke raunana zaman gasket, ruwa ya shiga silinda. Za ka ga farin hayaƙi da ɓari da safe, ruwa na raguwa ba yoyo, kuma canza gasket kaɗai ba ya magance shi, sai an canza bulok.

Kafin ka biya, kwafi lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba. Na goma shi ke faɗin shekara: D na nufin 2013, E 2014. Sa ta a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, kyauta ne, zai nuna gyaran da kamfani ya kira a kawo motar a yi mata saboda wani lahani amma ba a yi ba. Bincika ta kuma a intanet, domin da yawa daga cikin motocin nan daga Copart ko IAA suke, kamfanonin Amurka masu gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya, hotunansu na ranar gwanjo kan fito. Ɗaga kafet, leƙa ramin safaya taya, ja bel ɗin kujera har ƙarshe, ka nemi laka ko layin ruwa, don motar ambaliya ba ta gama ciwon waya. Sannan ka leƙa Ƙofar Ruwa ka ji kuɗin famfo da sarƙa da robobinsu, ka tambayi bakanikenka ladan aiki, ka haɗa jimilla, ka cire ta daga farashin da dillali ya faɗa.