Ko Majalisar Dokokin Kaduna za ta iya yi wa masana'antar makamai ta Kakuri doka?

Malam, ka tambaya ko majalisar jiharmu tana da ikon tsara yadda DICON, wato kamfanin makamai na gwamnatin tarayya, ke ƙera makamai da sayar da su waje, tunda masana'antar tana Kakuri. Ba ta da shi.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya sanya tsaro da makamai da harsasai cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, don haka ko da 'yan majalisarmu sun zauna a Lugard Hall sun zartar da kudiri a kai, kotu za ta rushe shi. Dokar da ta kafa DICON a 1964 ta tarayya ce, haka ma sabuwar dokarta ta 2023. Fitar da makamai kuwa, Nijeriya ta rattaba hannu kan yarjejeniyar cinikin makamai ta duniya a 2013, wadda ta hana sayarwa inda aka san za a yi kisan ƙare dangi da su.

Kuskuren da na fi ji a majalisun hira shi ne ɗaukar cewa gwamna yana ba sojojin runduna ta ɗaya, mai hedikwata a Kaduna, umarni. Shugaban ƙasa ne babban kwamandansu.

Idan kwangila kake nema da masana'antar, ka tuntuɓi lauya kafin ka sa hannu a kowace takarda.