Mutuwar ɗan Kanada ce ta rage wa The Simpsons armashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Tun ina sakandare nake kallon katun na barkwanci, musamman The Simpsons. Kwanaki muka yi gardama da wani abokin aikina. Ya dage cewa shirin ya lalace ne tun da wani ɗan Kanada mai sanya murya a ciki ya mutu, har ya ce barkwancin Amurka gaba ɗaya 'yan Kanada ne ke riƙe da shi. Ni kuma na ce masa tsufa ne kawai ya kama shirin. Wa ke da gaskiya a cikinmu? In kuma har ya lalace, me ya hana a daina shi?
Daga wani mai karatu a Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Mutumin da abokinka yake nufi shi ne Phil Hartman, kuma ba daga sama ya tsinci maganar ba, masu kallo da yawa suna faɗin haka. An haifi Hartman a garin Brantford na lardin Ontario a 1948, iyayensa suka koma Amurka da shi yana ɗan shekara goma. A The Simpsons shi ke yin muryar Lionel Hutz, lauyan nan da bai san komai a shari'a ba sai cika baki, da kuma Troy McClure, tsohon jarumin fim da tauraruwarsa ta dushe amma ya ƙi yarda. Ya fito a kashi fiye da 50. A ranar 28 ga Mayun 1998 matarsa ta harbe shi a gidansu da ke Los Angeles, daga baya ta kashe kanta. Yana da shekara 49. Masu shirin suka ƙi ɗauko wani ya kwaikwayi muryarsa, suka ajiye Hutz da McClure baki ɗaya.

Rashi ne babba. A shirin barkwanci na Saturday Night Live, inda ya yi aiki daga 1986 zuwa 1994, abokan aikinsa gam suke kiransa, wai shi ke liƙe wasa idan ya fara tarwatsewa. Hutz da McClure su ne ƙofar da marubuta ke bi su yi wa lauyoyi da masana'antar fim ba'a, kuma da aka rufe ƙofar ba a sami irinta ba.

Amma a duba kwanan wata. Kashin da masu kallo suka fi nunawa da yatsa a matsayin mafarin gangara an haska shi ne a watan Satumban 1997, wata takwas kafin mutuwar Hartman. A cikinsa aka ce wai shugaban makarantar nan, Skinner, wanda aka shafe zango takwas ana gina tarihinsa, sojan gona ne da ya ɗauki sunan wani. Harry Shearer, mai yin muryar Skinner ɗin, da bakinsa ya soki labarin. Tun kafin nan ma ɗakin marubuta ya fara yoyo. Sam Simon, wanda ya tara marubutan farko, ya tafi a 1993, Conan O'Brien ma ya tafi a shekarar don ya karɓi shirin hira na dare. Mutuwar Hartman ta faɗo ne a daidai lokacin da ginin ya riga ya tsage, shi ya sa mutane suke ɗaura mata laifin. Ɗan Adam ya fi son sanadi mai suna da rana.

Batun 'yan Kanada kuwa, abokinka ya yi ƙari, sai dai akwai gaskiya a gindin maganar. Lorne Michaels da ya ƙirƙiri Saturday Night Live a 1975 haifaffen Toronto ne. Dan Aykroyd, John Candy, Martin Short, Jim Carrey, Mike Myers, Norm Macdonald, duk 'yan wasan barkwanci ne da aka haifa a Kanada. Gidan wasan Second City ya buɗe reshe a Toronto a 1973, daga nan shirin SCTV ya fito a 1976, gidan ya zama makarantar da ta yaye da yawa daga cikinsu. A fagen sanya murya akwai Maurice LaMarche, wanda ke yin muryoyi barkatai a katun ɗin Futurama, da Will Arnett. Dalilin da ni na fi gamsuwa da shi shi ne zaman maƙwabtaka. Akasarin 'yan Kanada kusa da iyakar Amurka suke zaune, tashoshin Amurka suke kallo tun suna yara, Turancinsu kusan ɗaya ne, amma su ba Amurkawa ba ne. Wanda ke leƙen gidan maƙwabci ta kan katanga kullum ya fi mai gidan ganin abin dariyarsa. Ga kasuwarsu ƙarama, mutum miliyan 40 da ɗoriya, don haka duk wanda ya yi fice sai ya tsallaka kudu neman manyan kuɗi.

Sai dai a The Simpsons kansa, manyan masu sanya murya su shida babu ɗan Kanada ko ɗaya. Marubuta 'yan Kanada da suka daɗe a shirin, irin su Tim Long da Joel Cohen, sun shigo ne a shekarun da ake cewa shirin ya soma gangara. In da hujjar abokinka ta tsaya da ƙafarta, da zuwansu ya gyara lamarin. Ga wani abin ban dariya da za ka iya kai masa ya ƙara a jakarsa: Matt Groening ne ya ƙirƙiri shirin, mahaifinsa kuwa sunansa Homer, kamar maigidan iyalan Simpson, kuma a lardin Saskatchewan na Kanada aka haifi mahaifin.

Kai da ka ce tsufa ne, ka fi kusa da gaskiya, amma ni zan juya maganar. Ciwon katun shi ne ba ya tsufa. A shirin da mutane ke fitowa da jikinsu, yaro yana girma, muryarsa ta buɗe, jarumi ya yi furfura ko ya gaji ya nemi wani aikin, dole labari ya motsa ko ya ƙare. Shi kuwa Bart, ɗan Homer da matarsa Marge, shekararsa goma tun Disambar 1989 da aka fara shirin, ƙanwarsa Lisa takwas, autarsu Maggie har yau ba ta bar goyo ba. Yaran babu aure, babu gama makaranta, kuma da wuya abin da ya faru yau ya bar tabo gobe. To marubuci ya zo a zango na 20, an riga an yi labarin Homer ya rasa aiki, an yi na Marge ta yi fushi ta tafi, an yi na Bart ya faɗi jarrabawa. Me ya rage masa? Sai ya ƙara gishiri. Homer da yake wawa mai son iyalinsa ya koma wawa mai mugunta. Flanders da yake maƙwabci mai kirki mai zuwa coci ya koma mutumin da ba shi da wata siffa sai tsananin addini, har masu sharhi suka ari sunansa suna kiran wannan cuta da shi a kowane shiri. Tarihi ma ya rikice. An fara nuna cewa Homer da Marge sun haɗu ne a 1974, sai ga wani kashi a 2008 ya mayar da ƙuruciyarsu shekarun 1990, don lissafin ya daina fita.

Sannan sai cikowa da baƙi. A 1991 Michael Jackson ya sanya murya a matsayin wani majinyaci a asibitin masu taɓin hankali, ko sunansa na gaskiya ba a rubuta ba. Baƙo a lokacin rawa ake ba shi ya taka, kamar yadda Hartman ke yi. Daga baya sai ya zama tauraro ya zo a matsayin kansa a yi masa kirari, kamar kashin Lady Gaga na 2012 da masu kallo suka yi wa ca.

Duniya ma ta sauya. A 1992 shugaban Amurka George Bush babba ya tsaya a gaban taro ya ce yana son iyalan Amurka su rage kama da iyalan Simpson. Wato shirin yana cizo a lokacin. Da katun ɗin South Park ya zo a 1997, na Family Guy a 1999, suka wuce shi a rashin kunya, sai ya koma kamar dattijon unguwa. South Park ma yana da wata dabara: cikin kusan kwana shida ake haɗa kashi guda, don haka yana iya taɓa labarin da ke tashe a makon. The Simpsons watanni yake ɗauka, kafin raha ta iso allo ta huce. Family Guy shi ma bai tsira ba, ƙorafin da ake yi masa yanzu irin wannan ne.

Me ya hana a daina? Kuɗi. Wani kashi na Oktoban 1990 mutum fiye da miliyan 33 suka kalla a Amurka, yanzu kuwa a daren da aka saba miliyan biyu ma sai an yi da gaske. Amma kallon daren farko ba shi ne ribar ba yanzu. Ribar tana cikin tarin kashi sama da 750 da ake sayarwa ana maimaitawa a tashoshi da manhajojin kallo, ga riguna da kayan wasan yara. A 2013 tashar FXX ta biya kimanin dala miliyan 750 don ta riƙa maimaita tsofaffin kashi, kuma shirin yana cikin kadarorin da Disney ta samu da ta sayi kamfanin 21st Century Fox a 2019 kan dala biliyan 71. Family Guy an soke shi a 2002, cinikin faifan DVD ya dawo da shi a 2005. Futurama ma an binne shi an tono fiye da sau ɗaya. Kwatanta da katun ɗin BoJack Horseman, wanda Will Arnett ɗan Toronto ya yi wa babbar murya: zango shida aka yi daga 2014 zuwa 2020 aka rufe, kuma da yake a cikinsa abin da mutum ya aikata yana bin sa zuwa zango na gaba, labarin ya sami inda zai sauka.

A yi adalci, zangunan baya-bayan nan na The Simpsons sun ɗan farfaɗo, wasu masu sharhi sun yaba, ni ma na ga kashi biyu zuwa uku da suka ba ni dariya ta gaske. In kuna son raba gardama da abokinka, ku zauna ku kalli zango na uku zuwa na takwas, sannan ku ɗauko na 11, ku ga ko rashin Lionel Hutz ne kaɗai bambancin.

Abin da zane ba ya iya ɓoyewa shi ne maƙogwaro. Julie Kavner mai muryar Marge an haife ta a 1950, kuma duk mai kunne yana jin shekarun a muryar yanzu. Pamela Hayden mai muryar Milhouse, abokin Bart, ta yi ritaya a 2024. A Afrilun 2025 tashar Fox mai haska shirin ta sabunta kwangilar shirin har zuwa zango na 40. Kafin a kai can, Nancy Cartwright, matar da ke yin muryar Bart ɗan shekara goma, za ta haura shekara 70.