Kafin ka ɗaura wa babur ɗin sitabilaiza, a duba wuyansa

Salamu alaikum ɗan'uwa. Da na ga ka ce babur ɗinka Honda Shadow 750 yana kaɗa kai in ka kai gudun 80, kana tambaya ko sitabilaiza, wato abin da ake ɗaura wa babur don rage rawar kai, zai yi magani, wallahi sai da gabana ya faɗi, domin irinsa nake hawa, kuma da wannan tambayar na fara kafin na kwanta wata biyu.

Nawa ɗan Kwatano ne. Da ya fara rawar kai na kai shi wurin wani bakanike, ko taya bai ɗaga ba ya ce dampa za a sa, wato wani nau'in sitabilaiza. Na sayar da buhun riɗi na ba shi kuɗin. Rawar ta lafa, na ɗauka an gama. Ashe boris ɗin wuya ne ya cinye, dampar ta rufe ciwon kawai.

Ranar wata Lahadi na taso daga kasuwar Gujungu zan koma wajen Ringim, ƙanena a baya, ga kaya. Tirela ta wuce mu, iskarta ta buge mu, tayar gaba ta faɗa rami. Kan mashin ya shiga bugawa dama da hagu har ya ƙwace daga hannuna. Don tsoro na damƙe birkin gaba, nan ya watsar da mu. Mashin da ya haura kilo 200 ya danne min ƙafa, salansa na ƙona ni, ina jin yaron yana kiran Yaya, Yaya, ban iya tashi ba. Har yau in na tuna muryar nan barci gagarata yake. Bakaniken nan kuwa ko dubiya bai zo ba. Da na warke na je, ya ce ai ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma shi ya karɓi kuɗin aikin da bai duba ba. Na bar shi da Allah.

Ban ce sitabilaiza banza ba ne. Dampa mai ne a cikinta, tana tare fizgar kai ta farat ɗaya. Ƙarfen da ke haɗa shok biyu na gaba kuma yana hana su murɗewa a kwana, shi ne a nawa yanzu kuma ina jin daɗinsa. Amma fara ɗaga gaban mashin, ka juya kan a hankali. In yana maƙalewa a tsakiya, boris ya tafi. A duba bushin na baya da sifok ɗin da suka saki.

Iska ma, masu faci dura ta suke kamar ta Boxer mai dakon buhu. Ni 29 nake sawa gaba da baya a ma'aunin iska na psi, in da goyo kuma ta baya ta koma 36. Tayar Kwatano kuma, lambobi 4 na gefenta mako da shekarar da aka yi ta ne, ka karanta, wata zanenta lafiya amma robar ta bushe.

In ka sa dampar kada a ɗaure ta tamau, a yashin hanyoyinmu na ƙauye kan zai yi maka nauyi. Idan rawar ta kama ka a hanya, sassauta totur sannu a hankali, ka ranƙwafa gaba, kada ka taɓa birkin gaba. Kuma don Allah ka sayi hular kwano, har da ta wanda kake goyawa. Ƙanena tabon yana nan a goshinsa, kullum sai na gan shi.