Tambaya da Amsa: Shin Turken Sadarwa Yana Barci da Dare?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Gidanmu yana dab da wani turken sadarwa, kuma na lura janareton da ke wurin ba ya hutawa, ko da ƙarfe uku na dare lokacin da unguwa ta yi tsit. Shin wutar da turken yake sha a lokacin daidai take da ta rana? Sannan me ya sa cajin wayata yake saurin ƙarewa idan na je ƙauyenmu, inda sabis ba shi da ƙarfi? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, tambayoyin nan naka biyu tushensu ɗaya, domin dukkansu suna komawa ne ga yadda waya da turke suke daidaita ƙarfin siginarsu gwargwadon buƙata.

Bari mu fara da ta biyu, tunda ita ce ke aljihunka. Idan mutum yana zaune da abokinsa a kan tabarma ɗaya, raɗa ma ta isa, amma idan abokin yana can ƙarshen gona, sai an ɗaga murya. Haka waya take. Turke yana auna ƙarfin siginar da ke iso masa daga wayarka, sannan ya umarce ta da ta ƙara ko ta rage, kuma a tsarin 3G ana aika wannan umarni sau 1,500 a kowace daƙiƙa. A cikin gari, inda turke yake kusa, wayar tana magana a hankali, amma a ƙauye sai ta buɗe murya iyakar ƙarfinta, wanda a tsarin 2G kan kai wat 2 (wat ma'aunin ƙarfin wuta ne), ga kuma wahalar neman sabis duk lokacin da ya ɓace. Shi ya sa take ɗumi a hannunka, cajin kuma yana zuba. Idan ba ka jiran kira, sanya ta a yanayin jirgin sama zai tsare maka batir.

Akwai wata tsohuwar dabara ma tun zamanin 2G: idan ka yi shiru kana sauraro, wayarka tana dakatar da yawancin abin da take aikawa. Don kada wanda kuke magana da shi ya zaci layi ya katse, wayarsa ce take ƙirƙira masa wani ɗan shuuu a kunne. Ba don haka ba, da rabin hirar ya tafi a “kana ji na?”

Batun turke ya fi nauyi. Kusan kashi uku cikin huɗu na wutar da kamfanonin sadarwa suke sha yana tafiya ne a turaku, kuma a cikin turken, na'urar ƙara ƙarfin sigina ce ta fi ci, domin kaso mai yawa na wutar da ke shiga cikinta yana zama zafi, wanda shi ma sai an kashe wata wutar kafin a sanyaya shi. Matsalar tsofaffin turaku ita ce ba su san shiru ba. A tsarin 4G, ko babu wanda ke kira, turke yana aika siginar shaida cikin kowane kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, tamkar mai talla da yake ta kiran kayansa a kasuwar da ta riga ta watse. Saboda haka wutar da yake sha da dare ta yi ƙasa da ta rana, amma bambancin bai kai yadda hankali zai ɗauka ba.

Masu tsara 5G, wanda ƙungiyar 3GPP mai tsara ƙa'idojin sadarwar wayar salula ta kammala ƙa'idojinsa na farko a 2018, sun gyara wannan da gangan. Turken 5G da ba shi da aiki yakan sanar da kansa sau ɗaya a kowane kashi 20 bisa dubu na daƙiƙa, kuma ana iya tsawaita tazarar har zuwa 160. A tsakanin nan na'urorinsa suna ɗan gyangyaɗi. Haka nan eriyarsa, wadda kan ƙunshi hanyoyin aikawa har 64, tana tattara sigina ta nufi inda wayar take, kamar bambancin tocila da fitilar ƙwai, kuma idan masu amfani sun ragu ana kashe wasu hanyoyin. Turken da ke aiki a zangunan sigina da yawa kuwa yana iya rufe wasu da tsakar dare, ya bar ɗaya yana gadi. A ganina nan ne gwanintar injiniya take bayyana, domin barcin da ya fi nauyi ya fi rage wuta, amma ya fi jinkirin farkawa, kuma wanda ya tashi neman mota don kai mai naƙuda asibiti ba zai yi wa kowa uzuri ba.

To me ya sa janareton unguwarku bai huta ba? Na farko, 5G ya shigo Najeriya ne a 2022 ta hannun MTN, Airtel ta biyo baya a 2023, kuma har yanzu yawancin turaku suna ɗauke da 2G da 3G da 4G saboda ƙananan wayoyin da jama'a suke riƙe da su. Na biyu, janareto yana shan man gas mai yawa ko da nauyin da ke kansa kaɗan ne, don haka ragin ba ya fitowa sosai sai an haɗa da manyan batura da farantan sola. Tsadar man nan tana cikin dalilan da kamfanoni suka gabatar kafin hukumar kula da sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. A turken da aka sanya wa isassun batura, janareto yana tashi ne na wasu sa'o'i ya cika su sannan ya mutu, kuma duk wat ɗin da eriya ta rage da dare yana ƙara tsawon lokacin da maƙwabta irinku za su yi barci ba tare da ƙara ba.